Ƙwaya Ɗaya Kowace Yamma

Yarinyar 'yar Mai Wurno ce, garin Hausawa da Filani a bakin kogi cikin ƙasar Sudan. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun tana ƙarama, shi ya ɓata mata ɗaya daga ƙofofi huɗu na zuciya. Aka sa mata wata ta ƙarfe a asibitin Salam kusa da Khartum, wanda wata ƙungiyar Italiya ta buɗe a 2007 domin aikin zuciya kyauta.

Ranar sallama ubanta yana sauri, kada mota ta bar su. Amma mai ba da magani ta ce su zauna tukuna.

Ta ɗora ƙwayar warfarin a tafin hannu. Ta ce jini yakan daskare a jikin ƙofar ƙarfe, gudan kuwa in ya ɓalle ya hau kai, sai shanyewar jiki. Saboda haka za a sha maganin kowace yamma muddin rai. In an manta jiya, kada a sha biyu yau. In ya yi yawa, sai haɓo, ko jini a dasashi, ko baƙin bayan gida. Gwajin da ake kira INR ne ke nuna daidai. Ta rubuta mata nata a kati, tsakanin 2.5 da 3.5.

Uban ya tambayi zancen miya. Ba a hana ta alayyafo ko lalo ba, sai dai ganye yana rage ƙarfin maganin, don haka kada ta cika tukunya wannan mako ta bari a na gaba. Kada ta sayi maganin ciwon jiki a kasuwa, kuma kada wanzami ya yi mata ƙaho. Wannan ya yi wa tsohon nauyi, gama wanzamin amininsa ne.

Sai matar ta rage murya. "Baba, an yi mata miji?"

Ya ce an sa rana bayan kaka.

Ta ce maganin yana iya lahanta jariri a watannin farko na ciki. Sai ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, ba bayan ta ɗauka ba, kuma dole mijin ya sani. Da yawa da sun haɗiye wannan magana don kunya. Ita ta faɗa, har ta maimaita.

Tsohon ya daɗe yana duban ƙasa. Sa'an nan ya ce shi da kansa zai kawo yaron ranar gwaji na gaba. Motar kuwa ta riga ta tashi, sai suka kwana.