Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Shirin Gasar Fiziks

Kankiya, Jihar Katsina.

'Yata,

Mutanen gida na gaishe ki, har kakarki ta Kusada.

Labari ya iso mana cewa malamanku sun saka ki cikin masu shiga gasar Fiziks ta Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja. Daga nan ake tace ɗalibai zuwa gasar duniya da aka fara a ƙasar Polan a 1967, inda kowace ƙasa ke tura ɗalibai biyar. A jarrabawar rubutu, tambayoyi uku kacal ake ba su, su yi awa biyar a kansu. Kin ga ba saurin hannu ake nema ba, zurfin tunani ake so.

Ga misali. Tireloli biyu sun tunkari juna, tsakaninsu kilomita 60, kowace tana gudun kilomita 30 a awa. Tsattsewa na kai da komo a tsakaninsu da gudun kilomita 50 a awa. Kafin su haɗu, tafiyar kilomita nawa ta yi? Wani ɗalibi zai duƙufa yana lissafa kowane zuwa da dawowa, tazara na ta raguwa, takarda na ta cika. Wani kuwa zai dakata ya ce: motocin nan cikin awa ɗaya za su haɗu, tsattsewa kuma ba ta sauka ba, saboda haka kilomita 50 ta yi. Layi biyu, magana ta ƙare.

Irin wannan amsa nake so ki saba da ita. Kafin ki fara lissafi, ki zana hoton tambayar, ki nemo abin da ba ya canzawa a cikinta. In kin gano gajeriyar hanya, ki rubuta dalilinki ɓaro-ɓaro, domin alƙalai hujja suke ba maki.

Kada kuma ki raina inda kika fito. Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana na ambatonsa.

Ki dage da karatu, ki riƙe salla, ki girmama malamanki. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a.

Ni ne,
Mahaifinki.