Iten, Garin 'Yan Gudu: Sau Nawa Ya Kamata Ki Fita A Mako?

 A wannan wata za mu leƙa ƙasar Kenya ne, wani ɗan gari da ake kira Iten, wanda da ƙyar za ki gan shi a taswira, amma babu mai bin labarin guje-guje da bai san sunansa ba. Abin da zai kai mu can kuwa bai wuce tambayar nan da mata ke yawan yi ba, musamman waɗanda likita ya ce su riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ko ciwon suga, ko ƙibar da ta biyo bayan haihuwa: wai shin mai fara gudu sau nawa ya kamata ta fita a mako? To, tun da an ce gani ya kori ji, taho mu je mu ga yadda masu abin suke yi.

Daga Nairobi, babban birnin ƙasar, jirgi zai sauke ki a Eldoret cikin ƙasa da awa ɗaya. Daga nan sai ki shiga ƙaramar bas ɗin haya da suke kira matatu, tafiyar kimanin kilomita 35, hagu da dama gonakin masara da alkama da shanun madara. Alamar kin iso ita ce wata jar ƙofa da ta ƙetare titi, an rubuta a jikinta cewa nan ne gidan zakaru. Garin kansa ba shi da wani girma: kasuwa, shaguna, makarantu, coci-coci, da 'yan acaɓa. Shi ne hedikwatar gundumar Elgeyo-Marakwet, kuma mafi yawan mutanensa 'yan ƙabilar Kalenjin ne.

Abin da zai fara yi miki sallama shi ne numfashinki. Iten yana kan tudu mai tsawon mita 2,400 daga saman teku, wato wajen ninki biyu na Jos. Ki ɗauki jakarki ki hau 'yar matattakala, za ki ji kina haki kamar wadda ta yi surfe. Ba ciwo ba ne, iskar ce ba ta da kauri a can, kuma jiki yana buƙatar makonni kafin ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jinin da ke ɗaukar iska. A gefen garin kuma ƙasa ta yanke ne kawai, ta gangara fiye da mita 1,000 zuwa kwarin Kerio. Idan kika tsaya a bakin dutsen da safe, gajimare a ƙarƙashin ƙafarki za ki gan shi. Nan kam sai tasbihi.

Amma ainihin kallon yana bayan sallar asuba. Wajen ƙarfe 6, da sauran duhu, ga sanyi kamar tsakiyar hunturu, sai ki ji kip-kip-kip a kan jan burji. Maza da mata ne ƙungiya-ƙungiya, ba surutu, ba kiɗa. Cikinsu akwai wanda ya ci lambar zinare a gasar duniya, akwai wanda takalminsa ma kwance ne wani ya ba shi. Manyansu masu gudun yada-ƙanin-wani, wanda tsawonsa ya ɗan haura kilomita 42, sukan yi kilomita 150 zuwa 200 a mako, galibi sau biyu a rana.

Na san abin da za ki ce: ashe ke nan kullum ake yi. Dakata tukuna, ki duba yadda suka tsara makon nasu. Ranakun wahala sanannu ne. Talata ana zuwa fili a yi gudun sauri. Alhamis a taru, sau da yawa fiye da mutum 100, a yi wanda ake sauya taki, minti ɗaya ko biyu da ƙarfi, minti ɗaya a hankali. Asabar kuma doguwar tafiya. Kin ga uku ke nan, kuma ba a jere suke ba. Sauran ranakun sassarfa ce, wadda sukan fara ta a hankali ƙwarai, har baƙo ya riƙa mamakin wai waɗannan ne suka gagari duniya. Da Suwahili suna cewa pole pole, wato sannu sannu. Ranar Lahadi da yawansu ba sa ko ɗaura takalmi; ibadarsu suke zuwa, su yi wanki, su ziyarci dangi. Tsakanin fitar safe da ta yamma kuwa, abin da ɗan gudun Iten ya fi ƙwarewa a kai shi ne barci. Ya sha shayi mai madara, ya ci ugali, wato tuwon masara mai tauri, da ganyen da suke kira sukuma wiki, ya miƙe ƙafa. Ba ya ɗora tukunya, ba ya kai yara makaranta, ba ya jiran maigida ya dawo.

Ke kuwa duk kina yi. Don haka idan mutumin da gudu ne sana'arsa, wanda ya shekara 10 yana gina jikinsa, yana wahalar da shi sau uku kawai a mako, ke da kika fara jiya me zai kai ki fita kullum? A wurinki kowace fita ranar wahala ce, ko da kina ganin a hankali kike yi. Amsar tambayar tamu ke nan: sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani. Misali Asabar, Litinin da Laraba. Idan kin daɗe rabonki da motsa jiki, ko jikin yana da nauyi, biyu ma sun isa a farko.

Dalili kuwa shi ne sassan jiki ba sa sabawa lokaci ɗaya. Zuciya da huhu suna da saurin koyo. Cikin 'yan makonni za ki ji hakin ya ragu, ki ji kamar ki ƙara. Ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi su watanni suke so. Duk takun gudu ɗaya, ƙafarki tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinki sau biyu ko fiye, kuma wannan yana barin 'yan ƙananan raunuka a tsoka da ƙashi, waɗanda ido ba ya gani. A ranar hutu ne jiki ke gyara su, ya mai da wurin ya fi da ƙarfi. Idan ba ki ba shi ranar ba, rauni ya hau kan rauni, sai ƙwauri ya fara zogi, ko gwiwa, ko agara, wani lokaci har ƙashi ya tsage. Daga nan sai a ajiye kambas a ƙarƙashin gado, a ce ai gudu ba na matan aure ba ne. A Iten ma haka take faruwa ga masu gaggawa. Matasa na tahowa daga ƙauyuka da burin cin kuɗin gasa, su liƙe wa ƙungiyar da ta fi ƙarfinsu, kullum suna gaba-gaba, kafin a jima ciwo ya mai da su gida. Sauri ya haifi nawa.

Mutumin da aka fi dangantawa da ɗaukakar garin shi ne Colm O'Connell, wani malamin mishan ɗan ƙasar Ayaland, wanda ya zo makarantar sakandaren St Patrick a 1976 don ya koyar da labarin ƙasa, bai san komai game da horar da 'yan gudu ba. Da kallo da haƙuri ya koya, kuma an san shi da ƙin matsa wa yaro tun jikinsa bai nuna ba. Cikin ɗalibansa akwai David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a gudun mita 800 a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Sai Lornah Kiplagat, wadda ta zuba kuɗin da ta ci a gasa ta gina sansanin horo a garin a wajajen shekarar 2000, da nufin 'yan mata su sami wurin kwana da horo ba tare da aikin gida ya cinye su ba.

Amma wadda na fi so ki sani ita ce Mary Keitany, domin uwa ce kamarki. Ta haihu a 2008, ta dawo ta ci gudun Landan a 2011 da 2012. Ta sake haihuwa a 2013, ba a ƙara ganinta a gasa ba sai a 2014, kuma a watan Nuwamban shekarar ta ci gudun New York. A 2017 ta gama gudun Landan cikin awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 1. Haihuwa biyu ba ta hana ta ba, sai dai ita ma sai da ta jira jikinta. Masana gashin ƙashi da jijiya suna ba mai jego shawarar ta jira kimanin wata 3 kafin ta fara gudu, ba wai da an yi arba'in ba, saboda tsokar da ke riƙe da mara da mafitsara ba ta gama komawa ba. Tafiya a ƙasa dai babu laifi tun kafin nan, idan likita ya yarda. Idan kina gudu kika ji fitsari na zubo miki, ko nauyi a ƙasan mara, ki tsaya ki je asibiti, kada kunya ta hana ki faɗa.

To, yaya fitar ita kanta za ta kasance? Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana da wani tsari na mako 9 da aka yi domin wanda bai taɓa gudu ba, kuma shi ma sau uku ne a mako. A makon farko za ki yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 5, sannan ki yi sassarfa ta minti 1, ki yi tafiya ta minti 1 da rabi, ki yi ta maimaitawa har minti 20. Shi ke nan. Kowane mako ana ƙara sassarfar ana rage tafiyar, har a mako na 9 ki iya yin minti 30 ba tsayawa. Ma'aunin saurinki kuwa bakinki ne: idan ba za ki iya yi wa abokiyar tafiyarki magana ba, kin yi sauri da yawa. Idan mako ya yi miki tsauri, ki maimaita shi, ba jarrabawa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, don haka a ranakun hutu kina iya takawa zuwa Islamiyya ko gidan 'yar'uwa maimakon hawa Keke Napep. Ranar huɗu kuma kada ki ƙara ta sai kin yi wata 2 ko 3 babu inda ke miki ciwo.

Mu a nan ba mu da sanyin Iten, saboda haka bayan asuba ko gab da magariba ya fi, da ruwan sha a kusa. Tsakar gida mai faɗi ta isa, ko filin makarantar 'yan mata idan kun haɗa kai ku uku ko huɗu kun nemi izini. Dogon wando, riga mai yalwa, hijabi mara nauyi, rigar mama mai kama jiki, da kambas, ban da silifas. Da azumi ki rage, ki mai da shi bayan buɗa-baki. Mai ciki da mai hawan jini da mai ciwon suga ko na zuciya su fara ganin likita. Idan kuma maigida ya ɗaga gira, ki tuna masa cikin raha cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Wataƙila ma ki samu ɗan rakiya.

In Allah Ya nufa wata rana kin taka Iten da ƙafarki, ki riƙe rigar sanyi da takalmin da ba kya jin tausayinsa, domin jan burjin nan idan ya sha ruwan sama taɓo yake komawa. Masallatai da gidajen abincin Musulmi sun fi samuwa a Eldoret. Ki ɗanɗana mursik, nonon da suke ajiyewa a gorar da aka goga wa gawayi a ciki, ko da yake ba kowane harshe ke karɓarsa a karon farko ba. Kuma kwana biyu ko ukun farko kada ki ce za ki bi kowa a guje; hatta zakarun Turai da ke zuwa horo can da tafiya da 'yar sassarfa suke farawa, har numfashinsu ya daidaita.