'Yan Aikin Kabari

Mu 'yan ajin ƙarshe akwai gardamar da har yau ba ta mutu ba a tsakaninmu. Ta faro ne a 2022, ranar da Malam ya kai mu fadar Marina, nan Kwatano, kallon kayan sarautar Abome guda 26 da Faransa ta maido, waɗanda Janar Dodds ya kwashe a 1892. Wasu iyayen sun ce ba a kai musu 'ya'ya gaban gumaka. Malam ya bi su gida-gida, ya ce kallo daban, bauta daban.

Jama'a duk sun yi wajen mutum-mutumin sarki Behanzin mai siffar kifi. Mu kuwa asen ne ya tsayar da mu: sandar ƙarfe mai faifai a sama, wadda Fonawa ke kafawa don tuna mamatansu.

Da muka koma Zongo, Malam ya nuna mana a waya wasu 'yan mutum-mutumi na Misirawan dā, ushabti sunansu. Wasu da farin dutse aka sassaƙa su, tsawonsu bai fi taƙi ba, hannuwa harɗe a ƙirji, riƙe da fartanya, ga 'yar jakar iri a baya. Wai in an kira mamaci aikin gona a lahira, su za su amsa a madadinsa. Masu hali kan sa 365, ɗaya don kowace rana, har da shugabannin aiki. A kabarin Tutankamun an samu 413! Muka bushe da dariya: ashe gudun aiki tsoho ne. Yanzu ga su can cikin gilashi a Landan da Paris, an raba su da iyayen gijinsu.

Nan muka rabu biyu. Wasunmu suka ce shirka ce, ko a teku aka zuba su ba asara. Mu dai mun san babu mai amsa tambayar kabari a madadin wani. Likkafani kawai muke tafiya da shi. Amma wani ɗan ajinmu, wanda bai daɗe da binne mahaifinsa ba, ya ce: "Malam, da hannuna na jera itacen kabarin Baba. In wani ya tone ya ɗauki ko guda, ya kai gidan kallo, me sunansa?"

Malam bai ce komai ba. Aka kira sallar La'asar, muka tashi alwala, muna ta musu har bakin famfo.