Ɗan Jirgin Wushishi da Ƙasar Kontagora

Manomin Sahon Rami, a ƙasar Kontagora, idan ya casa dawarsa ko masararsa, sai ya jira babbar mota a bakin hanya, domin layin dogo bai taɓa ratsa garinsu ba. Amma kuwa a cikin wannan Jiha ta Neja ne jirgin ƙasa ya fara yin kuwwa a duk faɗin Arewa, a Zungeru, gabas da su.

A shekarar 1901, wadda Turawa suka ci Kontagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa wani siririn dogo daga Wushishi zuwa Zungeru, inda ya ƙudura mai da hedkwatarsa. Kayan gwamnati kan taso daga Lakwaja ta ruwa, su biyo Kogin Kaduna, to, daga gaɓa kuma sai 'yan dako. A 1902 aka ƙara ja da layin har Barijuko, tsawonsa duka ya kama wajen mil 22. Faɗinsa kuwa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal.

Kan jirgin da ya yi wannan aiki, kamfanin Hunslet na birnin Lidis a Ingila ne ya ƙera shi. Ba irin manyan nan ba ne masu jan taragon ruwa da gawayi a bayansu. Shi a jikinsa yake goye da guzurinsa: tankunan ruwa suna manne a haƙarƙarin tukunyar tururi, dama da hauni, makamashi kuma a ɗan rumbu bayan direba. Nauyin ruwan nan yakan danne ƙafafunsa 6 masu ja, su kama ƙarfe sosai. Ya kan tafi gaba, ya dawo da baya, ba sai an juya shi ba. Aibinsa ɗaya, ba ya nisa ƙishirwa ba ta kama shi ba, amma ga tafiyar mil 22 wannan ba abin damuwa ba ne.

Bai daɗe yana cin zamaninsa ba. Da babban dogo ya kusanto, sai aka rufe layin a wajen 1910, aka kwashe kayansa zuwa Zariya don ginin ƙaramin dogon Bauchi, wanda ya kai Bukur a 1914 saboda kuza, aka rufe shi a 1957.

Gaskiyar magana, ba don talaka aka kawo shi ba. Da farko kayan Gwamna ya ɗauka, ƙarafan layinsa kuma suka koma hidimar masu haƙar kuza. Daga baya aka girke shi a tashar jirgin ƙasa ta Minna don tarihi. Ɗan makarantar da ya taso daga Sahon Rami, in an kai shi Minna, ya kamata malaminsa ya ratsa da shi tashar.