Kaye ba ya jiran mai hoto

A Damagaram yawancin wasanninmu na matasa da dare ake yin su. Da rana ɗalibi yana lakkwal, mai kabu-kabu yana neman na tuwo, ga rana mai ƙuna. Sai bayan lisha a tada gurup, a ɗaura fitila biyu ko uku a kan dogayen sanduna, a share fili, a fara balo ko kokowa. Da safe kuma hotuna su cika WhatsApp. To amma ku duba su da kyau, ƴan'uwa. Fitila ta fito fes, ƙura ta fito, ɗan kokowa kuwa ya zama hayaƙi mai hannu huɗu. Wallahi ko uwar da ta haife shi ba ta gane shi.

Abin yana damuna, ga dalili. Tun 1975 da aka fara gasar Takobi a Tawa, inda Kantu na Maradi ya ɗauka, kokowa ta zama abin da ke haɗa ƙasar nan kaf. Jiha takwas, kowace da mutum goma, Télé Sahel na nunawa, manyan masu hoto na zagaye da fage. Mu ma fagen garinmu sunan Langa-Langa ke kansa. Sai dai ba wanda aka haifa a cikin wannan fage. Duk zakaran da kuka sani a dandali ya fara, bayan kaka, a wani ƙauye na Mirriya ko Matamaye ko Magariya, ko a wani lungu na Garin Malam. A can babu tele, babu ɗan jarida. In ba mu muka ɗauka ba, ba mai ɗauka.

Ni kamarar da nake aiki da ita tsohuwa ce, ta kawuna, wanda ya daɗe yana hoton biki da suna kafin waya ta karya wannan kasuwa. Shekara biyu ke nan ina yawo da ita filin dare. Ga abin da na gane.

Abu na farko, a cire ta daga otomatik, a mai da ita kan harafin M. Kamara ba ta san kokowa ake ba. Duhu kawai take gani, sai ta bar idonta a buɗe ya daɗe don ta tara haske, shi kuwa mutum ya riga ya motsa. Daga nan hayaƙin yake zuwa. A kan M kai ne mai hukunci, kuma abu uku ne a hannunka.

Na ɗaya saurin ƙiftawa, wanda littattafan Faransanci ke kira vitesse. In ka ga 1/500, ana nufin an raba daƙiƙa gida 500, ido ya buɗe tsawon gida ɗaya. A balo, inda ake gudu, ba na sauka ƙasa da 1/500 in haske ya yarda. A kokowa da ɗan sauƙi, don ana daɗewa a riƙe ana auna juna. 1/250 ya isa wannan. Amma kaye kamar walƙiya yake, kuma ba ya sallama. Shi ya sa da na ga an shiga ƙafa sai in koma 1/500.

Na biyu buɗin ido, lambar da ke bin harafin f. Nan ne kan mutane ke ɗaurewa, don lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin da ake sayar da yawancin kamarori da shi, mai 18-55, in ka jawo abu kusa sai ya tsuke ya koma f/5.6. Akwai wani ɗan gilashi mai 50 wanda ba ya jawowa, amma yana buɗewa har f/1.8. Hasken da yake sha ya kusan ninka na wancan sau goma. Cikin gilasan kamara yana daga masu araha, kuma da dare ya fi dogon gilashi mai ban tsoro amfani. Tunda ba ya jawowa, ƙafarka ce za ta yi jawowar. Ka zo da wuri, ka gai da masu fili, ka samu bakin da'ira ka durƙusa.

Na uku ISO, wato yadda kamara ke ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi. Da rana 100 ko 200 ake sawa. A filin unguwa ni daga 1600 nake farawa, in hau 3200, wani lokacin har 6400. Hoton zai yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero, gaskiya ne. Wasu abokaina suna tsoron tsakin nan har su rage sauri don su kauce masa. Ni dai ra'ayina, hoto mai tsaki wanda ake gane fuska ya fi hoto mai santsi na aljani. Tsaki ana rage shi a kwamfuta, kuma in aka wanke hoton a ƙaramar takarda da wuya ma a lura. Wanda ya motsa kuwa ya motsa ke nan, ba boka ba malam.

Dukan ukun a ɗaure suke da juna. In ka ninka sauri daga 1/250 zuwa 1/500, ka raba haskenka biyu, sai ka biya bashin da ISO, daga 1600 zuwa 3200. Mai waya ma kada ya ce ba da shi ake ba. Wayoyi da yawa suna da wurin da aka rubuta Pro a cikin kamara, kuma sauri da ISO suna nan ciki.

Sai maganar fitilun kansu. Kuran ɗin ƙasar nan yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka fitilu da yawa suna yin sama da ƙasa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kamara mai sauri tana gani. Za ka ɗauki hoto uku a jere, ɗaya fari, ɗaya kore-kore, ɗaya da duhu, ka ɗauka kamara ce ta lalace. Lafiyarta lau. Maganinsa ka sa ta kan ɗauka a jere, ka danne na ɗan lokaci, cikin huɗu ko biyar za ka samu mai kyau. In tana da RAW ka yi aiki da shi, don gyaran launi daga baya ya fi sauƙi. Ka kuma tuna haske yana mutuwa da sauri: in nisa daga fitila ya ninka, kashi ɗaya cikin huɗu ke saura. Kada ka bi ɗan wasa ko'ina. Ka nemo inda haske ya fi zuba a fili, ka daidaita lambobinka a can, ka jira wasa ya zo wurin. Fitila ta kasance bayanka ko gefenka. In tana gabanka fuska za ta yi baƙi, ko da yake ƙurar da kaye ke tayarwa tana yin kyau matuƙa in haske ya bugo ta daga baya.

Filashi kuwa, don Allah a kashe shi. Ƴan taku kaɗan yake kaiwa, kuma lokacin hunturu, da iska cike da ƙura, ƙurar da ke gaban gilashi yake haskawa, hoto ya fito da fararen ɗigo kamar ana ruwan ƙanƙara. Ban da haka, mutum yana tsakiyar riƙo ka watsa masa haske a ido, in ya faɗi kai za a nema. Ƙurar nan dai ita ce ta sa ba na canza gilashi a fili. Wanda na ɗaura a gida shi ne har a tashi.

Bara da kaka wani yaro daga wani ƙauye na wajen Mirriya ya zo gasar unguwarmu. Ba makaɗi gare shi ba, ba mai yi masa kirari, layarsa ma guda ɗaya. Ya kada wani da duk fadojin unguwa ke ji da shi. Na samu hoton daidai lokacin da ƙafafun wancan suka bar ƙasa. Bayan mako biyu tsohonsa ya zo ranar kasuwa, ya yi ta cigiya har ya same ni. Ya ce, «Yaro, an ce kai ka kama abin.» Na ce, «Ni ne, Baba.» Na wanko masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a garinsu rabi ba su yarda an yi ba. Ya naɗe hoton a leda ya sa a aljihun gaba.

Hoton nan dai mutum biyu ne a cikinsa, kuma na ƙasan ma ɗan wani ne. Kun san garinmu, kun san yadda ƴar magana tsakanin fada da fada take zama jifa. Hoton kaye in aka sa shi a Facebook da rubutun tsiya, wuta ce. Ni ƙa'idata, wanda ya yi kaye a ba shi hotonsa, wanda aka kada ba a yawo da fuskarsa don dariya. Wanda ke shirinsa da layunsa a gefe, in ya ɗaga hannu, a sauke kamara. Ƴan mata masu kallo ba a sa su a intanet sai da izininsu.

Ga shawarata gare mu ƴan ƙungiya. Tunda muna iya haɗa kuɗin fotokopi na wannan ɗan littafi, muna iya haɗa na wanke hoto goma a kowace gasa. A bayan kowane a rubuta sunan ɗan wasa, da unguwarsa ko ƙauyensa, da ranar. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da aljihu ya bushe. Takarda tana zama a akwati. Mai son koyo ya same ni bayan taron ƙungiya, mu fita filin dare tare, ya zo da batir a cike.