Ranar Da Muka Sunkuyar Da Kai



Wata abokiyar aikinmu ta taɓa kai ƙorafin shugabanta gaba. Ba a kore ta ba, ba a taɓa albashinta ba. Sai dai aka kwashe teburinta zuwa ɗakin ajiya, aka daina kiranta taro. Mu kuwa muka sunkuyar da kai, kowa yana lissafin kuɗin haya da na makarantar yara. Bayan wata uku ta ajiye aikin, babu wanda ya sake buɗe baki.

Irin wannan ce ta sami Sheila White a Amurka. Ita kaɗai ce mace a sashenta, a kamfanin jirgin ƙasa na Burlington Northern da ke Memphis. A 1997 ta kai ƙarar mai kula da ita kan kalaman cin fuska. Sai aka sauke ta daga tuƙa motar ɗaga kaya, aka mayar da ita aikin ƙarfi a layin dogo, daga baya aka dakatar da ita kwana 37 babu albashi. Kamfanin ya ce ai ya biya ta kuɗin daga bisani. A 2006 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya: duk matakin da zai iya hana ma'aikaci mai hankali kai ƙorafi ramuwar gayya ce, ko da ba kora ba ce. A 2011, a shari'ar Eric Thompson, kotun ta ce wanda aka kora saboda ƙarar da budurwarsa ta kai shi ma yana da damar neman haƙƙinsa.

Amma a 2013, a shari'ar Dakta Nassar, alƙalai 5 cikin 9 suka tsaurara: sai ma'aikaci ya tabbatar da cewa ba don ƙorafin ba, da ba a taɓa shi ba. To da me zai tabbatar? Da takardu, da kwanan wata, da bakin waɗanda suka gani.

Mu ke nan. A Najeriya ma muna da Kotun Ma'aikata, amma alƙali ba zai san da ɗakin ajiyar nan ba sai wani ya faɗa masa. Mun gani, mun yi shiru, muna ganin mun tsira. Ga shi yau an fara daina kiran ɗaya daga cikinmu taro, yana ta kallon fuskokinmu.

Allah Ya ba mu ikon faɗar abin da muka gani.