Tsakanin Akushi da Matashin Kai

A gidan da na tashi, da magariba ake kwashe tuwon dare. Kafin ladan ya kira isha an suɗe akushi, an wanke hannu. Maza su tafi masallaci, su dawo su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Mata su zauna a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, mu yara muna gindin kaka muna jiran tatsuniya. Ba mai kai haƙarƙarinsa ƙasa sai dare ya ɗan raba. In ka lissafa, tsakanin lomar ƙarshe da matashin kai akan sami awa uku cur.

Abin da ya tuna mini da wannan tazara shi ne wani dare da na tsaya wurin mai shayin unguwarmu, wajen ƙarfe sha ɗaya. Benci cike, kasko yana ta ƙara. Wani saurayi ya share farantin Indomie da ƙwai uku, ta sha mai da attaruhu, ya kora da shayi mai kauri. Yana miƙewa ya dafe ƙirji, ya yi gyatsa, ya yamutsa fuska.

"Kullum sai abin nan ya taso mini," in ji shi. "Anya ba olsa ba ce?"

"Ƙwannafi ne, ɗan'uwa," in ji mai shayi. "Sha madara, zai kwanta."

Ya biya kuɗi, ya ƙetare titi, ya shige ɗakinsa. Ko minti goma ba a yi ba na ga ya kashe fitila. Sai na ji tausayinsa, domin na san wutar da za ta tashe shi can tsakar dare.

Wanda ya taɓa ɗaukar salka zai fi kowa gane yadda ƙwannafi yake. Tumbin mutum jaka ce mai ɗauke da ruwa mai tsami da kaifi, wanda ke narkar da abinci. An yi wa bangon tumbin shafe na majina da ke kare shi daga wannan kaifi, amma bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro ba shi da irin wannan kariya. A mahaɗarsu akwai zoben tsoka da ke buɗewa loma ta wuce, sannan ya tsuke, kamar ɗaurin bakin salka. In salkar ta cika maƙil, ko aka danne ta, ko aka kwantar da ita, ruwa zai tsiyayo ta baki. Wannan tsiyayar ce zafin da ke hawowa ta tsakiyar ƙirji, har wani lokaci a ji tsami-tsami a maƙoshi.

Shi ya sa lokacin cin abinci ya fi komai. Tumbi yana bukatar awa biyu zuwa huɗu kafin ya tura yawancin abin da aka zuba masa zuwa hanji, kuma abinci mai maiƙo ya fi daɗewa. Muddin mutum yana zaune ko yana tsaye, nauyin abin yana riƙe shi a ƙasa. Da ya miƙe a gado, hanya ta baje. Likitoci a yau suna cewa a bar kamar awa uku tsakanin cin dare da kwanciya. Iyayenmu ba su ƙidaya awa ba, amma takawa zuwa masallaci da hirar ƙofar gida sun cika musu wannan lissafi.

Bayan lokaci sai yawa. Tun muna makarantar allo aka koya mana a kasa ciki uku, a bar wa numfashi rabonsa. Da azumi aka fi ganin gaskiyar wannan: a sha ruwa da ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya a zama ɗaya, a yi sahur a koma barci nan take, sannan a wuni ana gyatsa mai zafi. Wanda ya buɗe baki da dabino da ruwa, ya yi sallah, ya dawo ya ci a tsanake, ya kuma jinkirta kwanciya bayan asuba, yakan ga bambanci tun a makon farko.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ido ke tsallakewa. Tazugen da aka tamke, bel ɗin da aka matse, zanin da aka ɗaure tamau a kan ciki, duk suna danne salkar ne. Haka teɓa, haka sunkuyo a kan wanki ko shara da an gama cin abinci. Sigari tana sassauta zoben nan. Shayi mai ƙarfi, kofi, goro, na'a-na'a, ɗanyar albasa, tumatir, yaji da lemon kwalba mai gas suna tayar wa mutane da yawa, amma ba kowa ba. Wani zai ci yaji ya kwana lafiya, goro ɗaya ya hana shi sakat. Kowa ya lura da nasa na mako biyu, zai gane abokin gabarsa ba tare da ya haramta wa kansa komai da komai ba.

In zafin ya riga ya taso, a tashi zaune, a sassauta ɗauri, a kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, a ɗan taka a tsakar gida. Taunar cingam marar sukari tana taimakawa, domin tana kawo yawu, shi kuwa yawu yana wanke bututun, yana rage kaifin tsamin. Kwanciya a gefen hagu ta fi sauƙi, saboda yadda tumbi ya karkata hagu. Wanda ya saba farawa da dama, yadda aka tarbiyyantar da mu, sai ya fara da hakan ya yi addu'arsa, in ya ji abin yana hawowa ya juya. Mai fama da shi da dare ya sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗaga kamar santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya yin wannan aiki, sai dai ya lanƙwasa mutum ya ƙara matse ciki.

Madarar da mai shayi ya ambata tana sanyaya wuri na ɗan lokaci, amma mai maiƙo tana iya dawo da zafin daga baya. Sai kanwa. Na sha ganin gwaggona ta kwance bakin ɗankwalinta, ta ɓalli jar kanwa ta jiƙa a ruwa. Ba a banza ta yarda da ita ba: kanwa, irin wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi, tana kashe tsami, shi ya sa ake jin sauƙi nan da nan. Sai dai ɗauke take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai tara ruwa a jiki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su yi nesa da ita, duk da cewa masu ciki ne ƙwannafi ya fi addaba.

Tambayar saurayin nan ma tana da amsa. Ƙwannafi daban, olsa daban. Olsa gyambo ne a bangon ciki, galibi daga wata ƙwayar cuta ko yawan shan magungunan kashe ciwon jiki irin su asfirin, kuma tana da gwaji da magani. Zafin da ke dawowa fiye da sau biyu a mako, wahalar haɗiya, rama ba dalili, aman jini ko baƙar bayan gida, waɗannan na asibiti ne. Ciwon ƙirji kuwa mai nauyi, da ke sauka hannu ko muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, ba a jiƙa masa komai. A nemi mota a lokacin, domin yana iya zama zuciya.

Na san rayuwa ta sauya. Ɗan kasuwa da mai tuƙa Keke ba sa dawowa gida da magariba, kuma yunwa ba ta san agogo ba. Amma ko a haka akwai abin yi: a ci mai nauyin da rana, na dare ya zama ɗan kaɗan, sannan a zauna. Bayan kwana biyu na sake haɗuwa da saurayin a benci ɗaya. Da ya ajiye cokali zai miƙe, na matsa masa wuri na ce, "Ƙanena, ɗan zauna mu taɓa hira tukuna, gadon ba inda za shi."